Da'irar Barira

Shekara talatin ina gyaran rediyo a Sabon Gari,
ƙaryar duniya da gaskiyarta
duk ta lasifika ɗaya suke iso mini.
Jiya wata tsohuwar akwati da na ɗinke wa waya
ta buɗe baki da labarin
wata ƙasa za ta ƙera sababbin makaman nukiliya,
wai na da sun tsufa.
Na ce ashe mutuwa ma tana tsufa,
har a kai ta wurin tela.

Da dare Barira ta dawo daga Samaru,
ita ce mai karatun kimiyya a gidanmu.
Ta ture kwanon tuwo,
ta shimfiɗa taswirar Zariya a kan tabarma,
ta kafa tsinin kamfas a gadar Kwangila.
"Baba, a ce guda ɗaya ya faɗo nan."
Sai ta juya hannu.

Da'irar farko ta haɗiye tasha da masu rake,
da mai shayin da ke bina ɗari biyu.
Ta biyu ta cinye kasuwa har da rumfata,
ta tsallake Kubanni, ta lashe Tudun Wada.
Ta uku ta shiga Ƙofar Doka ba sallama,
ta ratsa Babban Dodo, ta jingina da Kufena.
Na ce, to sai a kwashi mutane zuwa Shika.
Ta dube ni.
"Likitocin ma suna ciki."

Uwarta ta ce a naɗe takardar nan, abinci ake ci.
Ni loma ta riga ta tsaya mini a wuya.

Kawu Mati na tuna,
da ya tafi Arlit haƙar dutsen da ba a ado da shi,
ya dawo da agogo, da bargo biyu, da tari.
Bai taɓa sanin inda ƙasar da ya tono ta sauka ba,
ko fitila ta zama, ko wani abu daban.
Agogon yana wurina. Har yau yana tafiya.

Sun ce tsoron makamin ne ke gadin zaman lafiya.
Ni mai gyara ne, ku tambaye ni halin na'ura:
fis yana ƙonewa,
waya tana haɗuwa da 'yar'uwarta,
kyankyaso yana kwana inda injiniya bai zata ba.
Mai riƙe da mabuɗin kuma ɗan Adam ne,
yana gyangyaɗi, yana fushi,
wata rana yana tashi da ciwon haƙori.
Wa ke ajiye kumurci ƙarƙashin gado
don tsoron ɓarawo,
sannan ya je neman wanda ya fi shi dafi?

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
ka shafa wa naka ruwa.
Wannan wutar ba ta barin gemu,
ba ta barin ruwan.
Hayaƙinta ba ya tsayawa a kan iyaka a buga masa hatimi,
in ya rufe rana
dawarmu a Giwa ba za ta yi ido ba,
mu da ba mu san kan rigimar ba.

Ku da kuke da su, ku ji daga bakin talaka:
kada ku ƙara ko ɗaya.
Waɗanda ke ajiye kuwa, ku kwance.
Na san kwance abu, ba sihiri ba ne:
sukundireba, da haƙuri,
da murfin gwangwani na tara kusoshi,
ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon hannun kowa.
Abin da hannu ya ɗaura, hannu yana sauke shi.
Ku bar wa su Barira ilimin,
su auna ƙasar noma, su ƙone ciwon daji.

Da asuba na tarar da taswirar inda ta bar ta,
ɗan rami a Kwangila, bai kai ƙwayar gero ba.
Na ɗora babban yatsa na danne shi,
na daɗe a haka,
har ladan ya yi kira na biyu.